Kunnen Inna na Dama

Inna kunne ɗaya gare ta. Na hagun ya mutu tun tana budurwa a Damagaram, bayan wani zazzaɓi da ya kusa tafiya da ita, saboda haka tun muna yara muka saba in za a yi mata magana sai an zagayo ta dama. Baƙo in ya zauna mata ta hagu ya yi ta zuba, sai dai ta riƙa gyaɗa masa kai don kara. Kiran salla, gaisuwa, gulmar unguwa, kukan jikoki, duk ta wannan kunne guda suke shiga.

Ni ce ƴarta ta fari. Wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da wannan yake nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa a gaban mutane, wai kunya. Na haura shekara arba'in ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, in kuma da baƙi a ɗakin sai in koma "yarinyar nan", ni da furfura ta fara leƙo mini a goshi. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce. Sanin bai taɓa rage mini zafin ba ko kaɗan.

Maza uku ne a bayana, duk sun watse da iyalansu, sannan Auta, ƴar gaban goshi. Ni na goya ta, ni na yi mata tsarki, ni na kai ta lekol, makarantar boko, ranar farko tana tsala ihu tana riƙe mini zane. Ta girma, ta yi karatu, ta auri wani ɗan Maraɗi mai aiki a Faransa, ya ɗauke ta suka tafi. Tun daga ranar zancenta ya cika gida fiye da lokacin da take cikinsa.

Bayan rasuwar Baba, wanda aikin gwamnati ya kawo Yamai tun kafin a haife ni, na ɗauko Inna ta dawo wurina a unguwar Bobiel. Mijina yana aiki Agadas, sai a yi wata biyu bai leƙo ba, don haka daga ni sai ita a gidan. Ni sakatariya ce a wani buro a Lamorde, kullum sai na ratsa gari na haye gada, in dawo bayan la'asar a gajiye liƙis. Inna tana da ciwon sukari. Ni ke huda mata yatsa da safe in auna, ni ke dama mata fura ba sukari tana yatsine fuska, ni ke yanke mata farce, ni ke faɗa da ita a kan dabino. Auta kuwa aikinta ɗaya ne, ta danna salula ta aiko vokal, wato ta naɗi muryarta ta turo.

To, vokal ɗin nan ne ya kawo maganar. Inna ba ta jin sa sosai sai ta kara salular a kunne, hannunta kuma yana saurin gajiya. Na taɓa saya mata ekuter mai igiya, abin saurare da ake sawa a kunne, amma kullum igiyar a harɗe take da carbi da hijabi, har ta gaji ta watsar. Da Auta ta ji haka, sai ga wata Hajiya da ta dawo daga can ta kawo mana ƙullin saƙo daga wurinta. A ciki akwai wani ɗan farin akwati da bai kai gidan ashana girma ba, da ƴan abubuwa biyu a kwance a ciki. Ekuter ne marar igiya. Ni da hannuna na haɗa shi da salularta, na koya mata yadda ake buɗewa da yadda ake sa shi sarji. Da muryar Auta ta faɗo mata a kunne tangararan, sai na ga fuskar Inna ta buɗe irin yadda ban taɓa ganin ta buɗe mini ba.

"Kamar tana nan zaune," in ji ta.

Na ce, "Haka ne." Ni kuwa da nake nan zaune, na tashi na shiga kicin.

Abin da Auta ba ta lissafa ba shi ne, ekuter biyu ne amma kunnen ɗaya. Sai Inna ta gano dabararta. Za ta sa na dama tun da hantsi, in sarjinsa ya ƙare ta mayar da shi akwati, ta ɗauko na hagun ta murɗa shi ta cusa a kunnen daman, ko da bai zauna daidai ba. Haka kunnen nan yake wuni a toshe. Kuma da yake kullum cikin hijabi take, ba mai ganin akwai wani abu a wurin. Za ka shigo ka yi sallama ka ga tsohuwa tana yi wa bango murmushi.

Wallahi abin ya ci mini rai. In dawo daga aiki in zauna ta damanta, in fara ba ta labarin yadda aka yi cunkoso a kan gada har wani mai raƙumi ya tare hanya, sai ta fashe da dariya a inda babu abin dariya. Ashe vokal ɗin makon jiya take maimaitawa. Me ke cikin vokal ɗin ma? Sanyi ya yi yawa, kuɓewar can ba ta da yauƙi, yaronta ya fara haƙori, maƙwabciyarta tana da kare mai sa riga. Shirme tsagwaronsa. Amma Inna ta haddace su kamar karatun allo, har tana faɗa mini abin da zai biyo baya.

Akwai ranar da ta ce bakinta ba daɗi, kifi take marmari. Da na tashi daga buro ban nufi gida ba, na bi ta Goudel cikin ranar nan mai ƙona ƙeya, na tsaya bakin ruwa har masunta suka fito, na zaɓo mata manya masu rai. Na zo na gyara, na yi romo da ɗan yaji kaɗan yadda take so. Ta kai loma biyu, ta lumshe ido, na ce yau dai zan ji wata kalma. Sai ta ce, "Allah sarki Auta. Ta ce kifin can kamar audugar katifa, ba ɗanɗano. Da tana nan da ta sha romon nan." Na yi ƙwafa na kwashe kwanonin.

Ba zan ɓoye ba, kishi nake. Kishin ƙanwata da na goya, da kishin ɗan farin abin da bai kai ƙwayar dabino ba. Kuma da na rasa yadda zan yi da Auta, sai na huce a kan ekuter ɗin.

A lokacin akwai saƙonni da ake ta yawo da su a gurup ɗin matan unguwa, wai irin wannan ekuter yana fitar da wata iska mai dafa ƙwaƙwalwa, wai yana kawo kansa, wai yana sa mantuwa. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Ina da irinsa a buro, ina sawa in ina buga takardu. Amma na riƙa tattaro saƙonnin nan ina kunna wa Inna ɗaya bayan ɗaya, ina ƙara musu gishiri. Na ce mata an ce wata mata kanta ya kumbura. Na ce an ce likitoci sun hana tsofaffi. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Auta ta yi karatu. Ba za ta aiko mini abin da zai cuce ni ba."

"Ni ban yi karatun ba ke nan, Inna?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Da gaske ne ba ta ji ba ko kunnen uwar shegu ta yi da ni, oho.

Sai na ɓoye shi. Wata safiya tana banɗaki na ɗauke akwatin na tura cikin buhun shinkafa na tafi aiki. Da na dawo na tarar ta birkice ɗakinta kaf, ta ɗaga katifa ita kaɗai da wannan ƙugun nata, abincin rana yana nan a rufe ba ta taɓa ba. Mai ciwon sukari ta wuni ba ci. Na yi ƴan dube-dube na ƙarya, na shiga kicin na fito da shi na ce ga shi na tsinta a bayan kujera. Ta karɓa, ta hure garin shinkafar da ya maƙale a jikinsa, ta dube ni ta ce, "An gode." Daga ranar a bakin zanenta take ƙulle shi, inda take ƙulle goro.

Kunya ta kama ni, ni kuma in kunya ta kama ni faɗa nake yi. Na tsaya a kanta na ce, "Inna, ki ji da kyau. Ranar da abin nan ya taɓa miki kunne, wallahi tallahi daga kan gada zan jefa shi cikin kogi." Inna ta san ni. Ta san tun ina yarinya in na rantse sai na cika, ko da zan yi kuka daga baya. Ta ja bakin hijabinta ta gyara.

Aka shiga bazara. Wanda ya san Yamai a watannin nan ya san ko bango ka dafa sai ka janye hannu. Kuran, wutar lantarki, yana ɗaukewa tun da rana tsaka, fanka ta tsaya, mutum ya jiƙe sharkaf yana zaune. Inna kuma mace ce mai kyautata alwala. In ta zo shafar kunne ba ta yin ta sama-sama, sai ta tura yatsa da ruwa har ciki ta juya. Tana idarwa, kafin a kira salla, sai ta kwance bakin zane ta mayar da abin cikin jiƙaƙƙen kunnen ta ja hijabi ta rufe. Ta cire ta yi salla, ta sallame ta mayar. Sau biyar a rana, ga zufa, ga abin ba a taɓa goge shi ba tun da ya zo. A gabana ake yi duk ranar da nake gida. Ni da na cika ta da labarin iska mai dafa ƙwaƙwalwa, ko sau ɗaya ban ce mata ta bari kunnen ya bushe ba, don hankalina ba a kan kunnen yake ba.

Alamu sun zo, kuma na gan su. Ta daina cin goro, ta ce haƙori ne. Ta koma tauna abinci ta gefen hagu a hankali. In ta kishingiɗa da rana ba ta ƙara kwanciya ta dama. Ko kuran ya ɗauke, daga ni sai ita, ba ta cire hijabi. Na ga hannunta yana shiga ƙarƙashinsa da tsinken tsintsiya, ya daɗe bai fito ba. Ta ƙure ƙarar salular har daga tsakar gida nake jin muryar Auta siririya kamar kukan sauro. In na yi magana sai ta ce "Me?" sau biyu, sau uku. Ɗakinta kuma ya riƙa wani wari na albasa da man zaitun.

Nan ne wurin da ba na son faɗa. Na gane kunnen ne. Kuma wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Na ce a raina, yawwa, kyautar ƴar lele ta fara aiki, bari in ga wa za a nema. Na ƙudura ba zan tambaya ba, sai ta zo da bakinta ta ce, ke, kin yi gaskiya, kunnena yana ciwo. Ina son in ji wannan kalmar fiye da yadda nake son ruwan sanyi a bazarar. Na ɗauka ƙaiƙayi ne na kwana biyu. Haka na riƙa auna mata sukari kowace safiya, ina kallon hijabin, ina jira. Muka kwashe kusan mako uku a haka.

Wata Asabar da hantsi na fito zubar da shara, sai maƙwabciyarmu ta tare ni. Tsohuwa ce Bazabarma, tana sayar da ganyen zogale da latas a ƙofar gidanta, Hausarta irin ta kasuwa. Ita ke leƙa Inna in na tafi aiki. Bayan mun gaisa ta matso ta rage murya.

"Kunnen Hajiya, ya yi sauƙi?"

Na ce, "Wane kunne?"

Ta kama baki. Ta ce ai ta ɗauka zuwa yanzu na sani. Ashe kullum in na fita Inna takan kira ta, ta matse mata ruwan albasa a kunnen, ta bi da mai mai ɗumi. Tun ana yin haka ciwon yana lafawa har ya daina lafawa. Ta ce jiya da ta ga abin da ke fitowa ta ji tsoro, ta ce a faɗa mini, Inna ta riƙe mata hannu ta ce kar yarinyar nan ta ji.

Ban san inda na yar da kwandon sharar ba. Na tarar da Inna zaune a kan darduma, ta jingina kai da bango.

"Inna, cire hijabin nan in gani."

"Ke, ba komi. Zafi ne."

"Don Allah ki cire."

Sai ta cire. Ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali har ya rufe kunnen. Da na kwance, sai ekuter ɗin ya faɗo a cinyarta. Kunnen ya kumbura ya yi jawur har ƙofarsa ta kusa rufewa, abin ba ya shiga kuma, shi ne take ɗora shi a baki ta ɗaure da ɗankwali don ta riƙa jin ko kaɗan ne. Ruwa mai wari ya bi ta wuyanta ya bushe. Kumburin ya sauko har muƙamuƙi. Na ɗan taɓa wurin da yatsa, tsohuwar da ta haifi biyar a gida ba a ji kukanta ba ta saki ƙara.

Na ce, "Haba Inna. Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Sai da na maimaita da ƙarfi ta ji. Ta ce, "Kin rantse."

Muka ɗauki taksi zuwa wurin likitan kunne. Wani mutum ne mai sanyin magana, ya haska fitila ya daɗe yana dubawa, Inna tana damƙe da hannun kujera. Ya tambayi me aka zuba, me aka tura, tun yaushe. Da na ce tana da sukari sai ya ajiye fitilar ya dube ni. Ni kuwa, don Allah ku ji halin mutum, a wannan halin ma ban haƙura da son cin nasara ba. Na fito da ekuter ɗin na nuna masa na ce, "Iskar da abin nan yake fitarwa ce ko, likita?"

Ya girgiza kai. Ya ce shi bai san wata iska da ke yin haka ba. Ya ce kunne ne aka toshe shi da danshi a ciki wuni guda cikin zafi, da abu mai datti, fatar ta jiƙe ta yi laushi, aka sosa da tsinke ta fashe, ƙwayoyin cuta suka samu wuri. Tsinken ko ciwon, ɗaya daga ciki ya huda fatar dodon kunnen, ruwan albasa kuma ya bi ta hujin ya shige. Ga ƙarar da ake ƙurewa a kai. Ya ce ga mai sukari irin wannan ciwo ba abin wasa ba ne, yana iya cin ƙashi. Sannan ya ce, "Da a makon farko kuka zo, ɗigon magani ne kawai da hutun kunne. Ke da kike zaune da ita, ba ki lura ba?"

Na ce, "Ina zuwa aiki." Ya gyaɗa kai ya ci gaba da rubutu, ya yarda da ni.

Aka kwantar da ita ana yi mata allurai ta jijiya. A rana ta biyu, ina zaune a gefen gadon ina ɓare mata lemo, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini akwatin. Ta ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Ungo. Ki je ki jefa, kar rantsuwa ta kama ki." Na karɓa na sa a jaka. Kwana da kwanaki ina haye gadar nan da shi safe da yamma, ina kallon ruwan ta tagar taksi, hannuna ya ƙi. Daga baya na tambayi wani malami, na dafa abinci na ciyar da mutum goma na kaffara, na tura akwatin can ƙasan durowa.

Auta ta kira ni tana kuka kamar ranta zai fita. "Yaya, ni na jawo. Ni na aiko mata. Da na sani da ban aiko ba. Yaya, ki yafe mini, na bar miki wahala ke kaɗai kuma na ƙara miki wata." Ga dama ta samu in ce mata a'a, in faɗa mata zancen buhun shinkafa da rantsuwa da mako ukun da na yi ina kallo. Na buɗe baki na ce, "Ai ƙaddara ce, ki daina kuka." Na bar ta da laifin. Har yau tana ɗauke da shi, kuma in na ce ban ji wani sanyi a raina ba a ranar, na yi ƙarya.

Ciwon ya warke bayan an sha fama. Jin ne bai dawo duka ba. Likita ya ce kar a sake sa komi a kunnen, in za ta yi alwala ta shafa bayansa da gefensa kawai, maganar na'urar ƙara ji kuma sai nan gaba in wurin ya yi ƙwari, shi ma bai yi alkawari ba. Yanzu Inna ba ta jin kiran salla, sai ta ga na ɗauki buta. Ba ta jin sallama. In aka kunna mata salula, ko an ƙure, ta ce ɓuuu kawai take ji. Abin da take iya kamawa shi ne muryar mutum in ya kawo bakinsa dab da kunnen ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma.

Vokal kuwa bai daina zuwa ba. Ya ma ƙaru, don mai laifi ba ta gajiya da aike. Sai aikin ya dawo kaina. In na dawo daga buro na yi salla, Inna za ta miƙo mini salular, in saurara, in matsa kusa in faɗa mata. Da farko taƙaitawa nake. In ce, "Ta ce suna lafiya, tana gaishe ki." Inna ta kalli salular ta kalle ni.

"Duk wannan dogon zancen, abin da ta ce ke nan?"

Dole na koma ina tsayar da shi gaɓa-gaɓa ina maimaitawa. Sanyi ya sauka. Yaro ya fara tafiya, ya fasa kofi. An samu kuɓewa mai ɗan yauƙi a shagon wasu ƴan Mali. Ina faɗa ina cika ina batsewa, da muryata ta karanta takardar buro. Ita ma ba ta gamsu ba. Ta ce, "Ba haka take faɗa ba. Ke kamar mai ba da sanarwa. Faɗa yadda ta faɗa." Haka na koyi jan "Innaaa" irin na Auta, da ƴar shagwaɓarta, da dariyar da take yi a tsakiyar magana. Mace da furfurata, na durƙusa a gefen tabarma ina kwaikwayon yarinyar da na yi wa tsarki.

Ran nan, wata Juma'a bayan la'asar, vokal ya zo gajere. Na kara a kunnena na ji. Ba labarin sanyi, ba na kuɓewa. Auta ta ce, "Innata, yau kewarki ta dame ni. Ba ni da kamarki a duniya. Ki yafe mini." Na tsaya riƙe da salular. Ni ban taɓa faɗa wa Inna irin wannan magana ba tun da aka haife ni. Ɗan fari ba a faɗa masa, shi ma ba ya faɗa. Na yi niyyar in ce ta ce a gaishe ki, amma Inna ta riga ta karkato kai ta ɗaga gefen hijabin tana jira.

Na durƙusa, na kai bakina dab da kunnen, har ina jin ƙamshin man da nake shafa mata. Na faɗa duka, a hankali, yadda ta faɗa. Da na zo kan "ki yafe mini" sai da na faɗa sau biyu.

Inna ta lumshe ido. Ta ɗago hannu ta lalubo fuskata, ta dafa kumatuna, tafinta da ɗumi, ta bar shi a nan. Tun da na yi wayo hannunta bai taɓa zama a fuskata haka ba. Na ƙi motsi, ko numfashi na riƙe don kar ta janye.

"Na yafe miki, Autata," in ji ta. "Allah ya yi miki albarka."

Sannan ta buɗe ido, ta sauke hannun, ta nuna salular da haɓa. "Ke, danna mini in ba ta amsa."

Na danna, na riƙe mata kusa da bakinta har ta gama.